Gishirin da Ba na Miya Ba: Darasi a Kan Fotasiyam Buromaid

Darasinmu na wannan karo a kan wani gishiri ne wanda yawancinmu ba mu taɓa riƙe shi a hannu ba, ko da yake mun ci moriyarsa. Sunansa fotasiyam buromaid, masana kuwa sukan taƙaita sunan da haruffa uku, KBr. Duk wanda aka taɓa ɗauka hoto da kyamara irin ta dā, ko aka ɗauki hoton ƙirjinsa a kan fim a asibiti, aikin wannan gishiri ya shafe shi. Shi ne kuma magani na fari da ya iya tsai da farfaɗiya. Akwai wani dalili da ya sa muka zaɓe shi. Sunansa ya yi kama da na buromet, wanda ake ta gargaɗi a kansa game da burodi, mutane da yawa kuwa suna ɗaukar su abu ɗaya ne. Ya kamata mu iya rabe su.

Mene ne shi, daga ina kuma ake samunsa?

Gishirin da muke sa wa miya abu biyu ne suka haɗu suka yi shi, watau sodiyam da kulorin. Wannan ma haka yake, sai dai fotasiyam da buromin ne suka haɗu. Manomi ya riga ya san fotasiyam. Shi ne harafin K da ke jikin buhun takin zamani na N.P.K., shi ne kuma ƙarfin da ke cikin ruwan toka wanda iyayenmu mata suke tacewa domin miya da sabulu. Harafin K ɗin ma asalinsa daga wata kalmar Larabci ne mai ma'anar tokar tsire-tsire. Mu lura a nan, kanwa ba ta cikin wannan lissafi sosai. Ko da yake akan kira ta fotash da Turanci, yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne.

Buromin kuwa wani saurayi Bafaranshe ne mai suna Antoine Balard ya bayyana shi ga duniya a shekara ta 1826. Ya same shi cikin ruwa mai ɗaci da yakan rage bayan an kwashe gishiri a wuraren shanya ruwan teku kusa da birnin Montpellier. In yana shi kaɗai, buromin jan ruwa ne mai duhu, mai ƙona fata, mai mugun wari. Sunansa ma daga kalmar Helenanci ne mai nufin ɗoyi. Amma in ya haɗu da fotasiyam sai ya huce, ya zama farin gishiri marar wari, wanda ido ba zai bambanta shi da na miya ba. Yana narkewa cikin ruwa fiye da gishirin miya. Ruwa mililita 100 yakan narkar da kamar giram 65 nasa, na miya kuwa giram 36 kaɗai. Ɗan kaɗan cikin ruwa yakan yi zaƙi-zaƙi, in an ƙara sai ya yi ɗaci, in ya yi yawa sai ɗanɗanon gishiri ya fito.

Kowace lita ta ruwan teku tana da buromaid kamar miligiram 65. Tekun Gishiri, wanda muke karanta labarinsa cikin Littafi Mai Tsarki, nasa ya ninka haka fiye da sau 50. Saboda haka Isra'ila da Jodan suna cikin manyan masu sayar wa duniya buromin, tare da ƙasar Sin da jihar Arkansas ta Amurka, inda ake jawo ruwan gishiri daga rijiyoyi masu zurfi.

Maganin farfaɗiya na fari

Kafin shekara ta 1857, babu wani magani a duniya da aka tabbatar yana hana farfaɗiya tashi. Likitocin Turai sun gwada tsaga jijiya a zubar da jini, sun gwada ƙuna, sun gwada gishirin azurfa wanda ya riƙa mai da fatar masu sha toka-toka. Babu wanda ya yi aiki. A watan Mayu na 1857, a wani taron likitoci a Landan, Likita Charles Locock, wanda shi ne ya karɓi haihuwar 'ya'yan Sarauniya Biktoriya, ya tashi ya ce ya ba mata 14 ko 15 fotasiyam buromaid, waɗanda farfaɗiyarsu takan tashi lokacin al'ada, dukansu kuwa sun sami sauƙi in ban da ɗaya.

Abin mamaki shi ne, dalilin da ya sa Locock ya gwada maganin ba daidai ba ne. Likitocin zamaninsa suna zaton sha'awar jiki ce take jawo farfaɗiya, ya kuma karanta cewa buromaid yana kashe sha'awa. Zaton ƙarya ne, gama farfaɗiya ba ta da wata dangantaka da halin mutum. Amma maganin ya yi aiki, sauran likitoci suka gwada shi ga maza da mata, suka ga haka yake. Kafin shekara 20 ta cika, asibitin masu ciwon jijiya da ke Landan shi kaɗai yana ƙarar da tan biyu da rabi na buromaid kowace shekara.

Yaya yake aiki? Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta cikin jijiyoyinta da ɗan ƙarfin lantarki. Cikin lafiya kowace jijiya tana jiran lokacinta. Farfaɗiya takan tashi sa'ad da jijiyoyi masu yawa suka tashi gaba ɗaya ba tsari, kamar garken shanu da ya firgita. Jiki yana da nasa linzami. Akwai ƙananan ƙofofi a jikin kowace jijiya inda kuloraid, watau rabin gishirin miya, yake shiga ya kwantar da ita. Buromaid ya yi kama da kuloraid ƙwarai har jiki ba ya bambanta su, yana kuma wuce waɗannan ƙofofi da sauƙi fiye da kuloraid. Sai jijiyoyin su yi nauyin tashi, farfaɗiya ta ragu.

To, a nan ne wahalar take, muna so kuma kowa ya gane wannan sashe, gama ya shafi kowane irin magani. Ƙoda ce take fitar da buromaid ta cikin fitsari, amma a hankali take yi. Cikin mutum, sai an yi kamar kwana 12 kafin rabin abin da ya sha ya fita. Bari mu ɗauki misalin rumbu. A ce kowace safiya ana zuba mudu ɗaya na dawa a ciki, ɓeraye kuma suna cinye rabin abin da ke ciki kowane kwana 12. Ran fari mudu ɗaya ne. Bayan kwana 12 za a tarar da kusan mudu 9. Bayan wata biyu za a tarar da kamar mudu 17, a nan ne abin da ke shiga da abin da ke fita za su yi daidai. Mai zubawa bai taɓa wuce mudu ɗaya a rana ba, duk da haka rumbu ya tara ninkinsa sau 17. Haka buromaid yake taruwa cikin jini. Mutum zai ce bai ƙara ko cokali ɗaya ba bisa abin da ya saba sha, alhali kuwa jikinsa yana cika.

In ya taru ya wuce kima, sai ya zama cuta. Mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, mantuwa ta kama shi, harshensa ya yi nauyi, tafiyarsa ta zama kamar ta mashayi, ƙuraje su feso masa a fuska. Waɗansu sukan fara ganin abin da babu, suna zargin maƙwabta da nufin kashe su. Tazarar da ke tsakanin abin da zai tsai da farfaɗiya da abin da zai jawo wannan cuta kaɗan ce ƙwarai. Masu farfaɗiya na wancan zamani da yawa sun rabu da faɗuwa, amma sun zauna kamar waɗanda ba su gama farkawa daga barci ba.

Shekara 55 buromaid ya yi ba shi da abokin takara. A 1912 wani likita Bajamushe mai suna Alfred Hauptmann ya ba masu farfaɗiya finobabiton domin su sami barci da dare, sai ya lura faɗuwarsu ta ragu har da rana. A 1938 kuma aka gano a Amurka cewa finitoyin yana tsai da farfaɗiya. Daga nan likitoci suka fara ajiye buromaid. Amma 'yan kasuwa ba su ajiye shi ba. Aka yi ta zuba shi cikin magungunan ciwon kai da na rashin barci waɗanda kowa yake iya saye a kanti ba tare da takardar likita ba. Mutane da yawa aka kai asibitin masu taɓin hankali, ashe maganin kanti ne ya taru a jikinsu. Sai a 1975 hukumar abinci da magani ta Amurka ta sa aka cire buromaid daga irin waɗannan magunguna.

Kada mu zaci labarin ya wuce. A shekara ta 2025 waɗansu likitocin Amurka suka buga labarin wani mutum ɗan shekara 60 wanda ya so ya daina cin gishirin miya. Ya nemi shawara wurin wata manhajar kwamfuta mai amsa tambayoyi, sa'an nan ya sayi sodiyam buromaid ta intanet, ya yi wata uku yana ci a maimakon gishiri. Aka kawo shi asibiti yana cewa maƙwabcinsa yana sa masa guba. Ya yi mako uku a kwance kafin hankalinsa ya komo. Abin da aka yi masa jiyya da shi shi ne ruwa mai yawa da gishiri, gama in kuloraid ya yi yawa cikin jini, ƙoda takan kori buromaid da sauri.

Yau ana amfani da fotasiyam buromaid ga mutum a wurare kaɗan ne. A Jamus da Japan ƙwararrun likitoci sukan ba da shi ga ƙananan yara masu wata irin farfaɗiya mai tsanani wadda ta gagari sauran magunguna, suna kuma auna jininsu a kai a kai. Inda ya fi aiki yanzu shi ne wurin likitocin dabbobi. Akan ba karnuka masu farfaɗiya, ko shi kaɗai ko tare da finobabiton, musamman karen da hantarsa ba ta da ƙarfi, domin buromaid ba ya bi ta hanta. Cikin kare yakan ɗauki kamar kwana 24 kafin rabi ya fita, saboda haka sai an yi wata uku ko fiye kafin a ga cikakken aikinsa. Akan kuma gargaɗi mai kare kada ya sauya yawan gishirin abincinsa, gama in gishiri ya ƙaru magani zai zube, in ya ragu magani zai taru. Ba a ba kyanwa, domin yana jawo mata mugun ciwon huhu. A ƙauyukanmu kuwa, karen da ya faɗi yana makyarkyata yana zubar da kumfa, kada kowa ya ce farfaɗiya ce ya kai masa hannu. Yana iya zama guba ya ci, yana kuma iya zama haukan kare. A nisanta yara da shi, a kira ma'aikacin dabbobi.

Abin da ya shafe mu game da farfaɗiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kamar miliyan 50 suke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe irin namu. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai, amma a ƙasashe matalauta uku daga cikin huɗu ba sa samu. Finobabiton, wanda ya karɓi aikin buromaid tun 1912, yana cikin magunguna mafi araha. Akwai kuma kabamazifin da balfurowet da waɗansu sababbi. Likita ne zai zaɓa, mace mai ciki ko mai sa ran ɗaukar ciki kuwa lalle ta faɗa masa, gama balfurowet yana iya lahanta jariri. Wanda ya fara sha kada ya tsaya farat ɗaya don ya ga sauƙi, ko don kuɗi ya yanke. Tsayawa haka yakan komo da ciwon da ƙarfi fiye da dā. Ya fi kyau iyali su sayi na wata mai zuwa tun na hannu bai ƙare ba.

A ganinmu, abin da ya fi rashin magani cutar da masu farfaɗiya a garuruwanmu shi ne gudunsu da ake yi. Ana cewa in yawunsu ya taɓa mutum zai kamu. Ba haka ba ne, farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta ƙwarya ko ta tabarma. Saboda wannan tsoro yaro yakan faɗa cikin wuta ko cikin rafi, mutane suna tsaye suna kallo. Akan cire shi daga makaranta, yarinya kuma ta rasa mai aurenta. Ciwon yakan samo asali daga rauni a ƙwaƙwalwa: doguwar naƙuda, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa kai, faɗuwa daga babur ba hular kwano. Mu masu kiwon aladu mu ƙara da wannan. Ƙwayayen tsutsar ciki ta alade, in suka shiga bakin mutum ta ruwa ko abinci da bayan gida ya ɓata, sukan kai ƙwaƙwalwa su jawo farfaɗiya. Haƙa masai, killace aladu, da dafa nama sosai suna cikin riga-kafi.

In mutum ya faɗi a gabanmu, mu janye shi daga wuta da ruwa, mu sa tsumma ƙarƙashin kansa, mu kwance masa wuyan riga. Kada mu cusa masa cokali ko sanda a baki, kada mu danne shi, kada mu ɗura masa ruwa ko manja ko jiƙo, kada kuma a kai ƙafarsa kusa da wuta. In jijjigar ta lafa, mu kwantar da shi a gefensa domin yawu ya zubo waje. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, sai asibiti nan da nan.

Hoto da ɗakin gwaji

A masana'antu, babban aikin wannan gishiri na shekaru fiye da 100 shi ne hoto. In aka haɗa ruwan fotasiyam buromaid da ruwan gishirin azurfa, sai a sami buromaid na azurfa, wanda haske yake sauya shi. Daga shekara ta 1871 aka fara dama shi cikin wani irin danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, a shafa a kan gilashi, daga baya kuma a kan fim da takarda. Inda haske ya faɗa, in an wanke sai azurfa ta fito baƙa, inda bai faɗa ba sai wurin ya zauna fari. Masu wankin hoto sukan ƙara ɗan fotasiyam buromaid cikin ruwan wanki domin hoto ya fito sarai ba hazo. Fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ma haka aka yi shi. Zuwan kyamarar wayar hannu ya rage wannan kasuwa ƙwarai.

Aikin da bai ragu ba shi ne na ɗakin gwaji. Akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda muke jin ɗuminsa in mun matsa kusa da garwashi. Kowane sinadari yana shan wannan haske ta hanyarsa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. Gilashi yana tare yawancin wannan haske, amma fotasiyam buromaid yana barinsa ya wuce. Saboda haka mai gwaji yakan ɗauki kashi 1 na abin da yake so ya bincika, ya niƙa shi da kamar kashi 100 na wannan gishiri, ya matse da injin har ya zama ɗan faifai mai kama da gilashi, faɗinsa bai kai na kwabo ba. Sai ya haska shi, na'ura ta zana alamar abin da ke ciki. Wannan tana cikin hanyoyin da ake gane ko ƙwayar magani ta gaske ce ko alli ne aka matse. Dole a ajiye gishirin a busasshen wuri, gama yana shan laima, in kuwa ya sha gwajin ya ɓaci.

Buromaid da buromet

Yanzu mu komo kan burodi. Fotasiyam buromet shi ne fotasiyam da buromin, sa'an nan da ƙarin iskar oksijin kashi uku. Wannan ƙari ya mai da shi wani abu dabam, mai ƙarfin cin abin da ya taɓa. Tun wajen 1914 masu gidan burodi suke sa shi cikin fulawa, domin yana ƙarfafa danƙon kwaɓi, burodi ya kumbura ya yi laushi, fulawa kaɗan ta cika gwangwani. In an sa ɗan ƙanƙani, aka kuma gasa sosai, zafin tanda yakan mai da buromet ya koma buromaid, wanda ɗan wannan adadi nasa ba ya cutarwa. Amma in an zuba da yawa, ko aka fitar da burodi bai gasu ba, sai saura ya zauna a ciki.

Gwajin da aka yi a Japan daga farkon shekarun 1980 ya nuna buromet yana jawo wa ɓeraye ciwon daji a ƙoda. Mutanen da suka sha shi da yawa a lokaci ɗaya kuwa, ƙodarsu ta lalace, waɗansu suka kurmance. Ingila ta hana sa shi cikin fulawa a 1990, Kanada a 1994, ƙasar Sin a 2005, Indiya a 2016. A Nijeriya ma haramun ne, hukumar NAFDAC kuwa ta yi yaƙi da shi sosai a zamanin Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Duk da haka, binciken jami'o'i a birane dabam dabam ya yi ta samunsa cikin burodin kasuwa bayan wannan lokaci. Ido ba zai tabbatar ba. Burodi babba marar nauyi, wanda in an matsa sai ya koma kamar tsumma, abin tuhuma ne, amma gwaji kaɗai yake yanke hukunci. Ƙungiyoyin mata da matasa da suke gasa burodi domin sayarwa su ƙi duk wani farin gari ko ƙwaya da aka kawo musu ba suna, ana cewa yana sa burodi tashi. Bitamin C yana yin wannan aiki, doka kuwa ta yarda da shi.

Akwai na uku da manoma za su iya jin sunansa, watau metil buromaid. Wannan iska ce mai guba da aka daɗe ana turara manyan ɗakunan ajiyar hatsi da ita. Saboda tana ɓata rufin sararin sama da ke tare mana zafin rana mai cutarwa, ƙasashen duniya suka yarda a daina, ƙasashe masu arziki a 2005, masu tasowa a 2015, in ban da turaren kayan da za a ƙetare da su iyaka.

Kafin taro na gaba, muna roƙon kowace ƙungiya ta aiki mutum biyu zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, su tambayi wane maganin farfaɗiya ake da shi, nawa ne kuɗin na wata ɗaya, in kuma babu, wane asibiti ake tura mutane. Su rubuta amsar, a karanta wa kowa a taron.